Kuɗin gwamnati ya bi yaro duk makarantar da iyayensa suka zaɓa?

Abdulƙadir (Ngaundare): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tunda hutu ya zo ƙarshe kowa na lissafin Satumba, ga wata magana mu tattauna. A watan Mayun 2025 gwamnan jihar Teksas ta Amurka, Greg Abbott, ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 1, za a riƙa ba iyaye wajen dala 10,000 a shekara kan yaro ɗaya su kai shi makarantar kuɗin da suke so. Wato kuɗin ya bi yaro, ba a zuba shi a makarantar unguwa ko tana koyarwa ko ba ta koyarwa ba. Tunanin ya daɗe, wani masanin tattalin arziki mai suna Milton Friedman ya kawo shi tun 1955: gwamnati ta biya kuɗin karatu, amma ba lallai ita za ta riƙe makarantar ba. Birnin Milwoki ya fara gwadawa da 'ya'yan talakawa a 1990. Ni a ganina da za a yi haka a Kamaru da talakan arewa ya samu sa'ida. Ɗan mai kuɗi ai tuni yana zaɓa. Me ya hana ɗan mai tura ruwa?

Malama Hadiza (Marwa): Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka kai mu Teksas, biyo ta ajina. Yara sun haura ɗari, huɗu-huɗu a benci, sauran a ƙasa, wasu da buhun siminti suke zuwa don su zauna a kai. Kayan aikin farkon shekara, alli da rajista da sauransu, sau da yawa sai an yi nisa da karatu suke isowa, kafin nan daga aljihuna nake sayen alli. To yanzu a ce yara 20 sun ɗauki kuɗinsu sun tafi. Rufin da iska ta yaye ya ragu? Malamin da ake buƙata ya zama rabi? Kuɗin ne kawai ya ragu, wahalar tana nan. Kuma su wa za su tafi? 'Ya'yan iyayen da idonsu ya buɗe, masu zuwa taron APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai, su tambayi ina aka kai kuɗi, masu duba littafin yaro da dare. In suka tafi, wa zai ɗaga murya saboda waɗanda suka rage?

Alhaji Bala (Garwa): Malama, Allah ya saka da alheri, amma ki yi mana adalci. Ni ina riƙe da makarantar Faransanci da Larabci. Iyayen yarana ba attajirai ba ne: mahauta ne, teloli, 'yan mashin, mata masu ƙosai. Suna biyan haraji a kasuwa kamar kowa, da harajin ake biyan albashinki, sannan su zo su sake biya a wurina. Laifinsu me? Don sun so yaro ya haɗa boko da Alƙur'ani? Dokar ƙasar nan ta 2004 ta san da makarantu masu zaman kansu, akwai na Katolika, na Furotestan, na Musulunci da waɗanda ba na addini ba, kuma ana cewa akwai tallafi. Abin da ke isowa hannunmu, in ya iso, ko albashin wata ɗaya ba ya biya. Faransar da muka kwafo tsarinta, tun dokar Debré ta 1959 gwamnati ke biyan albashin malaman makarantu masu zaman kansu da suka ƙulla yarjejeniya da ita. Da gwamnatin Mitterrand ta so taɓa tsarin a 1984, jama'a suka cika titunan Faris har aka janye ƙudurin. Mun kwafi jarrabawarsu, mun kwafi sunayen azuzuwansu, wannan kaɗai muka bari.

Garba (wajen Lagdo): Salamu alaikum manya. Ni malamin iyaye ne, ba na cikin takardar albashi. Abin da iyaye suka tara shi ake ba ni, wani lokaci sai an biya kuɗin auduga, wani lokaci tiyar masara. A ƙauyenmu makaranta ɗaya ce. Ta biyun tana hayin kogi, da damina ko babba ba ya ƙetarawa balle yaro ɗan shekara bakwai. In kun ba uba a nan takardar kuɗi kuka ce ya zaɓa, kamar ka ba mutumin Marwa tikitin jirgin ƙasa ne, alhali dogo a Ngaundare ya tsaya. Shugaba Biya ya ce firamare kyauta ce tun shekarar 2000. To mu dai har yau iyaye ke biyana, su ke yin bulo, su ke sayen kwano. A fara cika wancan alkawarin tukuna.

Yusufa (Hustan, Amurka): Malam Garba, wallahi maganarka ita ce ta riƙe dokar Teksas shekara da shekaru. Mutane na zaton rigimar ta 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat ce kawai. A'a. A 2023 'yan majalisar Rifablikan na karkara ne suka haɗa kai da 'yan adawa suka kayar da ƙudurin, don a garuruwansu babu makarantar kuɗi, kuma makarantar gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Sai da gwamna ya bi su har zaɓen fid da gwani ya goyi bayan masu neman kujerunsu, da dama suka faɗi, sannan doka ta wuce. Kuma a Nuwamban 2024 da aka tambayi masu ƙuri'a kai tsaye a jihohin Kentaki, Nebraska da Kolorado, duk ukun ba su amince ba, alhali biyun farko Trump suka zaɓa a rana ɗaya. Amma kada in ɓoye ɗaya gefen: a unguwannin talakawa na manyan birane akwai iyaye baƙar fata da yawa masu son tsarin, don a nan adireshin gidanka ne ke yanke makarantar ɗanka. Mai kuɗi ya sayi gida a unguwa mai makaranta mai kyau, talaka ya zauna da abin da ya samu.

Abdulƙadir (Ngaundare): Yawwa Yaya Yusufa, ƙarshen maganarka nake nufi. Kuma Malam Garba, babu makaranta ta biyu a ƙauyenku ne don babu kuɗi. Ranar da aka san kowane yaro yana tafe da kuɗinsa, masu CAPIEMP, takardar shaidar malantar firamare, da ke zaune a gari ba aiki za su zo su buɗe. Kai ma za ka iya buɗe taka.

Garba (wajen Lagdo): Ƙanena, wanda gwamnati ta turo mana da albashinsa ma bai cika shekara ba ya nemi canji. Babu ruwa, babu asibiti, ba gidan da zai sa iyalinsa. Ba kuɗin yaro kaɗai ke zaunar da malami ba.

Baba Ɗanjuma (Ngaundare): 'Ya'yana, na karanta duka. Na yi aikin alli har na yi ritaya, bari in sa baki, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Ƙasar da ta yi abin da Abdulƙadir ke so gaba ɗaya ita ce Chile, a 1981, zamanin mulkin soja na Pinochet. Gwamnati na biyan kuɗi kan kowane yaro, ko a makarantar ƙaramar hukuma yake ko a mai zaman kanta. Makarantu sun buɗe da yawa, wannan gaskiya ne, har yaran da ke masu zaman kansu suka zo suka fi na gwamnati yawa. Amma an bar ƙofofi biyu a buɗe. Makaranta na iya tantance yaran da za ta ɗauka, sannan daga 1993 aka yarda ta ƙara kuɗi a kan na gwamnati. Me ya biyo baya? Uba na ganin shi ke zaɓen makaranta, ashe makaranta ce ke zaɓen yaro. Mai ƙarin kuɗi ya hau sama, marar shi ya zauna ƙasa, yara suka rabu gida-gida bisa aljihun iyaye. 'Yan sakandare suka fito zanga-zanga a 2006, 'yan jami'a suka sake fitowa a 2011. A 2008 aka ƙara kuɗi kan ɗan talaka don makarantu su so shi, a 2015 kuma gwamnatin Bachelet ta yi dokar da ta hana ƙarin kuɗi, da tantance yara, da cin riba a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati. Ku lura, ba su soke tsarin ba, ƙofofin suka rufe, bayan an yi shekara 34.

A Amurka ma sakamakon ba iri ɗaya ba ne. A Washintan binciken da aka yi ya nuna yaran da suka samu tallafin sun fi kammala sakandare. A jihar Luwiziyana kuwa, yaran da suka ci ƙuri'a suka koma makarantun kuɗi lissafinsu baya ya yi, ba gaba ba, kuma ɗaya daga dalilan da masu binciken suka kawo shi ne makarantun da suka karɓi yaran da yawa masu neman ɗalibai ne ido rufe. Mai cike da yara ba ta buƙatar takardar kowa.

Saboda haka ni ba na tambaya wai a yi ko kada a yi. Tambayata ga Alhaji Bala take: in an ba ka kuɗin, za ka yarda ba ƙarin ko sisi, kuma in masu nema sun fi kujeru a yi ƙuri'a, har da yaron da ya maimaita aji sau biyu?

Hajiya Rabi (Kusiri): Baba, Allah ya ƙara girma. Ku maza kuna ta Chile da Amurka, ni bari in faɗa muku yadda uwa ke zaɓa. Da 'yata ta kai ajin ƙarshe na firamare, abin da na fara dubawa bayan gida ne. Makarantar da take, ramin ba ƙofa, tabarma aka rataya, yara maza na wasan ƙwallo a gefe. Yarinya ta fara girma, sai ta riƙe fitsari har a tashi, wasu ranakun ta ce kanta na ciwo ba za ta je ba. Na biyu nisa, don ba zan ɗora budurwa a mashin ɗin wanda ban sani ba kullum. Na uku a samu malama mace. Sakamakon jarrabawa a na huɗu ya zo. Na cire ta na kai ta ta kuɗi, da cinikin turaren wuta nake biya, kashi uku. Don haka in za a taimaka mini da kuɗin, hannu biyu zan karɓa, Malama Hadiza ki yi haƙuri.

Amma su Alhaji ma ina da magana da su. Kowace Satumba sai ka ga ƙyalle a bakin ƙofa an rubuta ɗari bisa ɗari a CEP, jarrabawar gama firamare, ko BEPC ta ƙaramar sakandare. Mun san yadda wasu ke samun ɗarin nan: yaron da aka ga ba zai ci ba sai a hana shi zama da sunan makaranta, a ce ya je ya yi rajista da kansa, ko a kore shi tun kafin ajin jarrabawa. Ni da ban yi boko mai zurfi ba, ta ina zan gane mai koyarwa da mai fenti?

Alhaji Bala (Garwa): Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Hajiya Rabi (Kusiri): Ban ce kai ba Alhaji. Amma ka san su.

Musa (Njamena): Gaisuwa daga hayin kogi. Mu a Chadi ba majalisa ce ta ba mu zaɓi ba, yajin aiki ne. Tun matakan tsuke bakin aljihu na 2016 da aka yanke alawus ɗin ma'aikata, an yi shekarun da makarantun gwamnati suka yi watanni a rufe. Duk mai hali ya kwashe 'ya'yansa zuwa na kuɗi, wasu suna ƙetare gadar Ngeli su yi karatu a Kusiri, manyan kuma ku da kanku kun san yawan 'yan Chadi a jami'o'in Ngaundare da Marwa. A karkara kuwa iyaye ne suka gina makarantu suka ɗauki malamai irin Malam Garba, kuma malaman nan suna da yawa ƙwarai a firamarenmu. Ga kuma zaɓin harshe, tunda Larabci da Faransanci duka na hukuma ne. Abin da na gani da idona shi ne: ranar da 'ya'yan manya suka bar makarantar gwamnati, yajin wata uku ba ya hana kowa barci a sama.

Malama Hadiza (Marwa): Malam Musa ka gama magana. Mu ma da malamai suka ajiye alli a 2022, me aka nema? Haƙƙin da aka riƙe, mutum ya yi shekaru yana aiki ba cikakken albashi. Gwamnatin da ba ta biya nata malaman a kan lokaci ba, ita ce za ta biya makarantar Alhaji kan kowane yaro duk wata?

Alaramma Isiyaku (Marwa): Assalamu alaikum. Ina da tambaya. In kuɗi zai bi yaro, ya zai bi shi zuwa tsangaya? Mu ma karatu muke koyarwa, kuma yaran da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Ko zaɓin uba yana da daraja ne kawai in boko ya zaɓa?

Yusufa (Hustan, Amurka): Allah gafarta Malam, a nan an kai maganar addini har kotun ƙoli. A 2002 ta yanke, alƙalai 5 da 4, cewa tallafin birnin Kilibland bai saɓa wa tsarin mulki ba ko da iyaye sun kai kuɗin makarantar coci, tunda su suka zaɓa ba gwamnati ba. A 2022 kuma ta ce jihar Men ba ta da ikon ware makarantun addini daga tallafinta.

Baba Ɗanjuma (Ngaundare): Alaramma, Holan ta sasanta wannan tun 1917: makarantar addini da ta gwamnati kuɗi ɗaya, shi ya sa yau akwai firamaren Musulunci da gwamnatinsu ke biya. Amma da sharaɗi. Ana koyar da lissafi da harshen ƙasa, malami sai mai takarda, sufeto na shiga duk lokacin da ya so, in ba a gyara ba a tsayar da kuɗi. In tsangaya ta yarda da wannan, ta zama irin makarantar Alhaji Bala ke nan. Kuma mu sani, ƙofar da za ta buɗe mana ita za ta buɗe wa Katolika da Lutaran, su kuwa sun riga mu gini da daɗewa. A nan Ngaundare Musulmi nawa suka yi kwalejin Katolika ta Mazenod da kwalejin Furotestan? Kaso mafi tsoka wurinsu zai tafi. Ni ban ga aibu ba, amma kada gobe a ce an yi mana wayo.

Alaramma Isiyaku (Marwa): Lissafi ba mu ƙi ba. Sufeton da bai san baƙi da wasali ba ya zo ya auna mini hadda, wannan ne da wuya.

Abdulƙadir (Ngaundare): Ni fa abin da ke ba ni haushi, duk mai sukar tsarin nan in ka bincika nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi. Malama, naki suna ina?

Malama Hadiza (Marwa): Biyu suna inda nake koyarwa, babbar tana lise, wato sakandare, ta gwamnati, sefa 7,500 na hukuma ban da na APEE da ya ninka shi. Sai wata tambayar.

Malam Sabo (Garwa): Jama'a a sassauta. Abdulƙadir, Malama yayarka ce, a bar 'ya'yan mutane a gefe a yi maganar tsari.

Abdulƙadir (Ngaundare): Allah ya ba ki haƙuri Yaya. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: yaron da ke zaune a ƙasa cikin ɗari a bana, ya jira har a gyara? Shekararsa ba ta dawowa. Indiya ta yi doka a 2009 ta tilasta wa makarantun kuɗi ware kashi 25 cikin ɗari na kujerun ajin farko ga 'ya'yan marasa galihu, gwamnati ta biya. Ko wannan ba za mu iya a Garwa da Marwa da Ngaundare ba, inda makarantun suke? Ƙauye a yi masa nasa maganin daban.

Baba Ɗanjuma (Ngaundare): Wannan ta fi ta farkon hankali, ɗana. Ta talaka ce kaɗai, kuma a birni. Ka ga a Arizona da suka buɗe wa kowa a 2022, mafi yawan waɗanda suka fara nema ba daga makarantun gwamnati suka fito ba, wato an ɗauke wa masu biya nauyin da suke ɗauka da ma. Ƙasa mai ƙaramin aljihu ba ta da wannan sararin. Sai dai a Indiyar ma kukan masu makarantu shi ne gwamnatocin jihohi na jinkirin biya.

Garba (wajen Lagdo): Akwai abin da ba a taɓo ba. Kuɗi zai bi yaro da sunansa ko? To a ajina na ƙarshe, kusan rabi ba su da takardar haihuwa. Yaro ya yi shekara shida yana zuwa, lokacin CEP ya zo a ce babu takarda babu jarrabawa, ya koma kiwo. Wanda hukuma ba ta san an haife shi ba, wane kuɗi zai bi shi? Sannan a ɗaya gefen, ƙasar da sai da aka yi ƙidayar ma'aikata a 2018 don kama masu cin albashin bogi, ku yi tunanin ɗaliban bogi nawa za a haifa a rajista ranar da kowane suna ya zama kuɗi.

Hajiya Rabi (Kusiri): Wallahi har matattu sai sun shiga aji ɗaya.

Alhaji Bala (Garwa): Baba Ɗanjuma, ban manta da tambayarka ba, na tsaya na yi lissafi ne. Ƙuri'a na yarda, a kan kujerun da aka ware. Mai maimaita aji ma ya zo, amma in ya fi ƙarfin malamai ina da ikon kiran ubansa. Hana ƙarin kuɗi kuwa ya danganta da abin da za a biya. In kuɗin bai kai abin da nake kashewa kan yaro ba, ko dai in cika aji ya koma irin na Malama, ko in rage albashi. Kuma a biya kafin a buɗe makaranta, a banki, ba in bi ofis-ofis da fayil a hammata ba. In sai Mayu za a biya, a riƙe abinsu.

Malama Hadiza (Marwa): Alhaji, tunda ka ambaci albashi: nawa kake biyan malamin aji, kuma wata nawa a shekara? Don ƙawayena da ke makarantun kuɗi wata tara ake biyansu, hutu kuwa ko oho. Arahar da ake yaba muku a bayansu take.

Alhaji Bala (Garwa): Wata goma nake biya. Adadin kuwa tsakanina da su ne.

Malama Hadiza (Marwa): To in kuɗin jama'a ya shigo, ya daina zama tsakaninka da su. Wannan ma a rubuta cikin sharuɗɗan Baba.

Musa (Njamena): Malam Garba, batun takardar haihuwa, a wajenku ba a yin zaman kotu na tafi-da-gidanka? A nan wani lokaci ana yi wa yara da yawa a rana ɗaya.

Garba (wajen Lagdo): Ana yi jefi-jefi, amma sai an tara sunaye an kai wa magajin gari, ga takardar likita ta ƙiyasin shekaru, ga shaidu, ga kuɗin mota. Ina da jerin yara 23 na bana. Malam Sabo, in akwai wanda ya san hanyar a Garwa ya yi mini magana ta gefe, don rajistar CEP ba ta jiran kowa.

Malam Sabo (Garwa): Turo mini jerin yau da dare, da sunan uwa da na uba da garin haihuwa. Jibi ina da shiga gari, zan tambayo abin da ake buƙata.